TSOFAFFIN TAKARDU DA KUƊIN DA: ABIN DA ADAKAR GIDA KE ƁOYE DA SHI

A yawancin gidajen ƙasar nan akwai wata adaka ko akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon maigida, wadda ba a buɗewa sai ta kama. Ran da Allah ya yi masa rasuwa, magada su kan buɗe ta, su fid da tufafi da kuɗi da takardar gida, a raba bisa ƙa'ida. Sauran tarkacen kuwa, watau rasit na haraji da na jangali, da wasiƙun da suka yi ja don tsufa, da katin jam'iyya, da 'yan kwabbai masu huji, ba wanda ya ke lissafa su cikin gado. Wasu a ƙone su tare da shara, wasu yara su yi wasa da su, wasu kuma su ƙare a hannun mai ƙosai ko mai tsire. Ta haka ne kowace shekara a ke asarar shaidar tarihi mai yawa, ba da mugun nufi ba, sai don rashin sanin darajarta.

A ƙasashe da dama akwai mutanen da suka mai da tara irin waɗannan abubuwa abin sha'awarsu, suna da ƙungiyoyi da kasuwanni da littattafan farashi. Abin da su ke nema shi ne takardun da aka buga don amfanin yini ɗaya ko shekara ɗaya, ba don a ajiye ba, kamar tikiti da sanarwa da kalanda da ambulan. Da ya ke kowa jefar da su ya ke yi, kaɗan ne su ke tsira, kuma wanda ya tsira ya kan faɗi abin da manyan littattafan tarihi suka tsallake. An ɗauki Jalingo da kewayenta a matsayin misali cikin wannan bayani, domin da wuya a sami wani yanki a Nijeriya da takardunsa suka sha canjin suna da hatimi kamar wannan.

GARI ƊAYA, HUKUMOMI DA YAWA

Hammaruwa, ƙanen Buba Yero na Gombe, shi ya kafa masarautar Muri wajen 1817. Sarkin Muri Muhammadu Nya kuma shi ya kafa Jalingo a 1893, da farko a matsayin sansanin yaƙi, bayan ya ci garin Kona na Jukunawa da taimakon bindigogin wani hafsan Faransa mai suna Mizon. Sunan garin daga Fillanci ya fito, yana da ma'anar rinjaye. Daga baya fadar Sarkin Muri ta zauna a nan.

To, a ɗauki mutumin da aka haifa a Jalingo a 1920, ya rayu har ya ga 1991, bai taɓa yin ƙaura ba. An haife shi a Lardin Muri. A 1926 Turawa suka rushe lardin, aka haɗa ƙasar Muri da ta Yola aka kira su Lardin Adamawa, Wukari kuwa ta koma Lardin Binuwai. Ya yi samartaka da magidantaka a Jihar Arewa, Kaduna ce hedkwata. Ran 27 ga Mayu 1967 ya wayi gari a Jihar Arewa Maso Gabas, ana yi masa hukunci daga Maiduguri. Ran 3 ga Fabrairu 1976 ya zama ɗan Jihar Gongola, hedkwata Yola. Ran 27 ga Agusta 1991 kuma garinsa ya zama hedkwatar Jihar Taraba. Idan da mutumin nan ya adana rasit ɗin harajinsa da lasin kekensa da takardun makarantar 'ya'yansa, to, kan takardun kaɗai ya isa ya karantar da yaro wannan tarihi duka, daga hatimin En'e har zuwa na ƙaramar hukuma, wadda ta maye gurbin En'e bayan gyaran 1976.

Labarin mutanen Mambila da Gashaka da Kurmi ya fi wannan ma ban mamaki. Ƙasarsu tana cikin Kamaru ta Jamus har lokacin Yaƙin Duniya na Farko, sa'an nan ta shiga hannun Ingila a matsayin ƙasar amana. Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960, ba su cikinta. Sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a watan Fabrairu 1961, inda a Kamaru ta Arewa mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Jamhuriyar Kamaru. Ran 1 ga Yuni 1961 suka shigo, aka sa wa yankin suna Lardin Sardauna. Wani abin lura shi ne mata sun jefa ƙuri'a a wannan zaɓe, alhali kuwa matan Arewacin Nijeriya ba su sami wannan dama ba sai 1976. Saboda haka idan aka tsinci katin rajistar wata tsohuwa ta Gembu ko Serti na wancan lokaci, ba ƙaramin abu aka tsinta ba.

ANINI DA KWABO DA SULE

Kafin zuwan kuɗin Turawa, wuri ne kuɗin yawancin kasuwannin ƙasar Hausa, a kwarin Binuwai kuma ana ciniki da ƙarfe da sawaye da gishiri. Manyan fatake suna riƙe liyari, watau kuɗin azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tireza. A kan liyari akwai darasi ga duk mai son tara tsofaffin kuɗi. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin shekara da shekaru, a Biyana da Landan da Bombai da wasu birane, ba a canja shekarar da ke jikinsa ba. Ke nan liyarin da aka buga a 1940 ma 1780 ce a rubuce a kansa. Shekarar da ke jikin abu ba kullum ce ta ke nuna ranar haihuwarsa ba.

Kuɗin ƙarfe na farko da aka buga musamman don wannan ƙasa ya fito a 1907, watau kwabo da anini, masu huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci mai faɗin darajarsu. Hujin ya yi wa mutane daidai, don sun saba zura wuri a igiya. Aninin 1907 da sanholo aka yi shi, kuma ana lissafa shi cikin kuɗin sanholo na farko da aka taɓa kashewa a duniya. Ƙarfen bai jure gumi da laima ba, sai a 1908 aka koma gamin jan ƙarfe da nikal. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta riƙa buga kuɗi ɗaya don Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya.

Yaran yanzu ba su san lissafin ba, don haka ya kamata a maimaita shi. Anini goma kwabo ɗaya ne. Ɗari rabin kwabo, taro kwabo uku, sisi kwabo shida, nai kwabo tara, sule kwabo goma sha biyu. Sule biyu su ne fataka ko dala, sule ashirin kuma fam guda, watau kwabo 240. Wanda bai riƙe wannan ba, in ya ga rasit ɗin haraji na zamanin En'e ba zai gane nauyin da kakansa ya ɗauka ba.

Akwai kwabo guda da ya cancanci a dube shi da kyau, na shekarar 1936. Sarkin Ingila Edward na Takwas ya hau gado a watan Janairu na shekarar, ya yi murabus a Disamba. A Ingila kanta ba a kai ga fid da kuɗi mai sunansa ga jama'a ba. A nan kuwa kwabo mai huji ba ya ɗaukar hoto, suna kawai a ke rubutawa, saboda haka aka buga anini da ɗari da kwabo da sunansa, suka bazu a kasuwannin Ibi da Lau da Kano. Amma kada wannan ya sa kowa ya yi tsammanin arziki. Miliyoyi aka buga, har yanzu ba su da wuyar samu, kuma farashinsu wurin masu tarawa bai taka kara ya karya ba. Darajarsu tana cikin labarinsu.

Ran 1 ga Yuli 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki, ya fid da fam na ƙasar nan. An canja takardun a 1965, aka sake canja su a 1968 saboda yaƙin basasa. Ran 1 ga Janairu 1973 aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu, shi ya sa dattawa suka daɗe suna kiran kwabo goma sule, kwabo biyar kuma sisi. Wanda ya jera kuɗin ƙarfen 1973 a tafin hannunsa zai ga abin da ƙasa ta dogara da shi a lokacin: auduga a kan rabin kwabo, rijiyar man fetur a kan kwabo ɗaya, koko a kan biyar, kwakwar manja a kan goma, dalar gyaɗa a kan ashirin da biyar. Naira ashirin mai hoton Janar Murtala Muhammed ta fito a Fabrairu 1977, ita ce ta farko mai hoton wani ɗan ƙasa sananne. A Afrilu 1984 aka sauya launin takardun kuɗi cikin gaggawa, aka ba da 'yan kwanaki kaɗan don canji, kuma mutanen karkara da yawa ba su kai nasu banki a kan lokaci ba. Irin waɗannan ne a kan tarar a ƙulle cikin tsumma a ƙasan adaka. A 2007 kuma aka cire rubutun ajami daga naira biyar zuwa hamsin, don haka tsofaffin masu ajami su ma sun shiga sahun abin ajiyewa. Babban Banki yana da gidan adana tarihin kuɗi a Abuja, inda a ke iya ganin waɗannan duka a jere.

KAN SARKI DA AMBULAN

Arewacin Nijeriya ta yi kan sarki nata na kanta daga 1900, da hoton Sarauniya Biktoriya, har zuwa haɗewar Kudu da Arewa a 1914. A cikinsu akwai na fam ashirin da biyar na 1904, wanda ya ke cikin mafiya wuyar samu a Afirka duka. Ba a sa ran samunsa a adakar kowa. Abin da a ke iya samu a Taraba shi ne kan sarkin Nijeriya da aka buga wa kalmomin CAMEROONS U.K.T.T. a kansa, wanda aka sayar a ƙasar amana daga Oktoba 1960, lokacin da ta rabu da Nijeriya na ɗan wani lokaci.

Kuskuren da kusan kowa ya ke yi shi ne ɓamɓare kan sarki daga ambulan. Lalle a bar wannan. Hatimin gidan waya da ke kan ambulan shi ke nuna garin da wasiƙa ta tashi da ranar da ta tashi, wani lokaci har da garuruwan da ta ratsa da ranar isarta. Daga nan a ke sanin kwana nawa saƙo ya ke yi tsakanin Jalingo da Kaduna da damina, lokacin da ba gada sai fito. Kan sarki shi kaɗai ɗaya ne cikin dubbai, amma ambulan mai hatimin ƙaramin gidan waya wanda aka daɗe da rufewa watakila babu na biyunsa.

JARIDU DA KATUNA DA LAMBOBIN SOJA

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a Janairu 1939, Malam Abubakar Imam ne editanta. A zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna 'yan jaridunsu, kamar Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Ardo ta Adamawa. A kan takarda mai araha aka buga su, aka karanta a ajin manya, aka yar. Yau ko manyan ɗakunan karatu da wuya su ce suna da su cif. Duk wanda ke da ko da fitowa ɗaya ya riƙe ta da kyau.

Haka nan katin jam'iyya da takardun neman ƙuri'a. Fartanyar NPC da tauraron NEPU, da gida da masara na NPN, da mabuɗin PRP, da zakara da kwakwa na GNPP wadda ta ba Gongola gwamna a 1979, watau Alhaji Abubakar Barde, duk alamomi ne da aka yi don wanda bai iya karatu ba ya gane inda zai jefa ƙuri'a. Ba a ajiye su don tsokanar kowa, yawancin jam'iyyun sun riga sun shuɗe. Sai takardun yaƙin wayar da kai, na komawa tuƙi a hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, da na ilmin firamare kyauta na 1976, da na Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984.

Gidajen tsofaffin soja kuwa su ne suka fi kowa abin adanawa. Dubban 'yan Arewa sun yi yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Littafin sallamar soja yana ɗauke da lambarsa da garinsa da ranar da aka ɗauke shi da inda ya yi aiki. Kada a raba shi da lambobin yabon, domin wasu lambobin Yaƙin Duniya na Biyu, kamar Tauraron Bama, ba a rubuta sunan mai su a jiki ba. In littafin ya ɓace, lambar ta zama ƙarfe kawai.

RUBUTUN HANNU

Wasiƙun sarakuna da hukuncin alƙalai da littattafan malamai na Larabci da ajamin Hausa da na Fillanci sun fi duk abin da aka ambata daraja, don ba ɗab'i ba ne, kowane ɗaya shi kaɗai ne. In aka ɗaga irin wannan takarda aka duba ta a haske, sau da yawa za a ga alamar jinjirin wata uku a jere cikin jikinta. Takardar Italiya ce, wadda fatake suka riƙa kawowa ta hamada daga Tarabulus da Masar, kuma masana su kan yi amfani da alamar wajen ƙiyasta shekarun rubutu. Tawadar gargajiya da ƙaro a ke haɗa ta, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya wanke layi guda. Haka kuma rajistar baftisma da ta aure da ta makaranta a tsofaffin tashoshin mishan na Ibi da Wukari da Lupwe da Bambur, wani lokaci su kaɗai ne rubutacciyar shaidar haihuwar mutanen wani ƙauye gaba ɗaya.

Amfanin waɗannan bai tsaya ga malaman tarihi ba. Rigimar gona ko ta iyaka ko ta sarauta ta kan kai shekaru a kotu, ana kawo shaidun baka masu saɓa wa juna, alhali takardar da za ta raba gardama gara ta cinye ta tun tuni. Tsohon ma'aikacin da ya yi aiki a ƙarƙashin jihohi uku, fayil ɗinsa ya bi ta Maiduguri da Yola kafin ya iso Jalingo, shi ma ya san abin da takardar ɗaukar aiki ta asali ta ke nufi ran da ya zo neman fansho.

ABOKAN GABAR TAKARDA

Na farko ruwa ne. Mazauna bakin Mayo Gwoi da Lamurde a Jalingo sun san halin ambaliya, mutanen Lau da Karim Lamido da Gassol da Ibi kuma ba su manta da ta 2012 ba. Akwatin takardu bai kamata ya zauna a ƙasa ba. A ɗora shi a kan maɗori mai tsawo, nesa da bango, nesa da inda rufi ke yoyo. Wannan kuma ya rage ɓarnar gara, wadda ta bango da ƙasa ta ke hawowa. A riƙa buɗewa ana dubawa, musamman a tsakiyar damina da ƙarshenta. Busasshen ganyen darbejiya cikin ƙyalle yana taimakawa wajen korar ƙwari, amma kada a fesa maganin sauro a kan takarda. In takarda ta jiƙe, a shimfiɗa ta a inuwa inda iska ke ratsawa. Rana tana kashe tawada, tana kuma sa takarda ta yi ƙamas ta karye.

Na biyu, abin mamaki, shi ne mai takardar da kansa, lokacin da ya ke son ya gyara. Mutane da yawa su kan kai tsohuwar takardar shaida a manne ta cikin leda da na'ura mai zafi, suna zaton sun cece ta. Wannan ɓarna ce da ba ta da magani, don ledar ba ta ɓamɓaruwa sai da fatar takardar. A ɗauki hoton takardar, a manne hoton in ana so, a bar ta asali yadda ta ke. Salatif ma haka, bayan 'yan shekaru ya kan bushe ya faɗi, ya bar tabo ja. Allura da ƙusar maƙala takardu suna tsatsa, a cire su a hankali. A warware ninki, a shimfiɗa kowace takarda tsakanin fararen takardu biyu. Jarida a ware ta dabam, don irin takardarta tana da tsami mai ɓata na kusa da ita.

Tsohon kwabo kuwa kada a goge shi da toka ko yashi ko lemun tsami. Duhun da ya yi shi ne shaidar shekarunsa, kuma masu tarawa ba su son wanda aka kankare.

Akwai wani aiki da ya fi waɗannan duka gaggawa, ba ya kuma cin ko kwabo. Tsohon hoto da ba a san waɗanda ke cikinsa ba ya yi asarar rabin amfaninsa. Tun dattawan gida suna raye a zauna da su, a tambaye su wane ne wannan, a ina aka ɗauka, wace shekara, bikin mene ne. A rubuta a bayan hoton da fensir, ba da biro ba, ko a wata takarda dabam. Sa'an nan a ɗauki hoton kome da wayar hannu, gaba da baya, a aika wa 'yan'uwa biyu ko uku da ke wasu garuruwa.

DILLALAI DA DOKA

Lokaci lokaci jita-jita ta kan tashi, wai akwai wani sinadari mai tsadar gaske a cikin kwabo mai huji ko tsohon dutsen guga ko keken ɗinki, wai Turawa suna saye da miliyoyi. Ƙarya ce. 'Yan damfara ne su ke baza ta, wani ya zo a matsayin mai saye, wani a matsayin mai gwaji, a karɓi kuɗin gwaji a hannun mai kaya, daga nan ba a sake ganinsu.

Akwai kuma dillalan gaske, waɗanda ɓarnarsu ta fi ta 'yan damfara. A ƙarshen shekarun 1960, lokacin da hankalin hukuma ke kan yaƙin basasa, aka kwashe sassaƙe-sassaƙen Mumuye masu yawan gaske daga ƙasar Zing da Yorro, aka fitar da su ta Kamaru zuwa kasuwannin Turai. Yau suna manyan gidajen tarihi na Faransa da Amurka, yawancinsu ba a rubuta ƙauyen da suka fito ko sunan wanda ya sassaƙa su ba, kuma jikokin masu su sai dai su gan su a hoto.

Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta yi bayani a kan wannan. Aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918, ko wanda aka yi amfani da shi wajen wata al'ada ta gargajiya kuma ya ke da muhimmancin tarihi, kayan tarihi ne a idon doka, kuma rubutun hannu yana ciki. Ba a sayar da shi sai ga hukumar ko wakilin da ta amince da shi, ba a kuma fita da shi daga ƙasar nan sai da izninta a rubuce. Kwabon 1936 da katin jam'iyya da tsohuwar jarida ba su shiga wannan hani ba, mai su yana iya musaya ko sayarwa. Wanda ya yi shakka ya tambayi ofishin hukumar mafi kusa da shi kafin ya karɓi kuɗin kowa.

Iyalin da suka ga ba za su iya kula da abin da suka gada ba suna da inda za su nufa. Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa, wadda Dokta Kenneth Dike ya assasa a 1954, tana da babban reshe a Kaduna, inda fayilolin lardunan Arewa su ke. Gidan Arewa, watau tsohon gidan Sardauna a Kaduna, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1970, yana adana rubutun hannu da takardun mutane. Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, shi ma yana da tarin littattafan Larabci. A kusa kuma akwai malaman tarihi a Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo da Jami'ar Tarayya ta Wukari, waɗanda za su iya duba takarda su faɗi ko mece ce. Ba tilas ne a rabu da ta asali ba, ana iya ba da izni a ɗauki hotonta kawai. Wanda kuwa ya yanke shawarar miƙawa, ya bayyana ko kyauta ce ko ajiya, ya sa a rubuta jerin abin da ya kawo ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi kwafi mai sa hannun jami'i da hatimin ofis kafin ya bar wurin.